Karatun Tarihi a Makaranta: Tambayoyin da Iyaye da Ɗalibai Suka Fi Yi

Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare a arewacin Najeriya. Tambayoyin da ke ƙasa na ji su ne a taron iyaye da malamai, da bakin ƙofar aji lokacin cike fom ɗin jarrabawa, wasu kuma a majalisa bayan la'asar. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: darasin nan ya cancanci lokacin yaro. Amma inda masu suka suke da gaskiya zan ba su gaskiyarsu.

Malam, wai me ake koyarwa a darasin tarihi? Ba sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe ba ne kawai?

Sarakuna da yaƙi suna ciki, amma ba su ne tuwon ba. Tarihi bincike ne na yadda abubuwa suka zama yadda muka tarar da su, kuma da hujja ake yin sa. Ɗauki dalar gyaɗar Kano da kowa ya san hotonta. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga harawa ga dabbobi, in shekara ta yi wuya kuma ana iya cin ta, ba kamar auduga ba. Fatake irin su Alhassan Dantata, waɗanda suka riga suka goge a fataucin goro zuwa Gwanja, suka shiga saye. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da ake biyan haraji da kuɗinsa. Babu takobi ko ɗaya a wannan labari, amma ya sauya rayuwar miliyoyin mutane, kuma manomi ne ya yanke shawarar, ba gwamna ba.

Da gaske ne an taɓa cire tarihi daga makarantun Najeriya?

Gaskiya ne. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka yayyafa ɗan abin da ya saura a cikin darasin zamantakewa. A babbar sakandare ya rage a matsayin zaɓi, kuma kaɗan ne ke zaɓarsa. Dalilan da aka yi ta faɗa su ne yara ba sa son sa, malamansa sun yi ƙaranci, kuma masu digirinsa ba sa samun aiki.

Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta yi ta kiraye-kirayen a dawo da shi. An fitar da sabuwar manhaja a 2018 lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka ƙaddamar da dawowarsa a watan Nuwamban 2022, sannan a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sake sanar da cewa tarihin Najeriya wajibi ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Sai dai sanarwa daban, shiga aji daban. Matasan da suka yi makaranta cikin waɗannan shekaru fiye da goma yanzu su ne sababbin malamai, kuma ana so su koyar da abin da ba a koya musu ba. Duba tambaya ta ƙarshe in makarantar ɗanka tana cikin wannan hali.

To a taƙaice, wane amfani yaro zai samu da ba zai samu a wani darasin ba?

Yaronka zai ji tarihi ko ka so ko ka ƙi. Zai ji shi a WhatsApp, a bakin ɗan siyasa ranar gangami, a wajen mai shayi, a bakin wanda yake son ya tunzura shi a kan maƙwabcinsa. Saboda haka tambayar ba ita ce zai ji ko ba zai ji ba. Tambayar ita ce: in ya ji, yana da ma'aunin da zai auna? Wannan ma'auni shi ne abin da aji mai kyau yake ba shi, kuma tambayoyi ne 'yan kaɗan. Wa ya faɗa? Yana wurin, ko ji ya yi? Yaushe aka rubuta? Me mai faɗin zai samu in an yarda da shi? Wa kuma ya faɗi saɓanin haka?

Wata rana wata ɗaliba ta zo mini da hoto a wayar yayanta, wani dattijo da rawani da farar kasumba, an rubuta a ƙasa cewa hoton Shehu Usmanu Danfodiyo ne. Rabin ajin sun riga sun gani, wasu har sun tura wa wasu. Ban ce ƙarya ne ba, ban ce gaskiya ne ba. Na rubuta tambaya biyu a allo: yaushe Shehu ya rasu, yaushe aka fara ɗaukar hoto? Washegari wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda bai cika magana ba, ya miƙe ya ce Shehu ya rasu a 1817, kuma sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Ajin ya yi tsit, sannan yarinyar ta ce, “Ashe shekara ashirin da biyu ne tsakani.” Ba ni na karya hoton ba, su suka karya shi da hannunsu.

Yaron da ya taɓa yin wannan sau ɗaya ba zai sake karɓar saƙo yadda yake karɓa a da ba. Lissafi yana koya masa auna adadi, kimiyya tana koya masa auna abin da za a iya gwadawa. Auna maganar mutane a kan abin da ya riga ya wuce, wanda ba za a iya maimaita shi a ɗakin gwaji ba, tarihi ne ke koyar da shi, kuma yawancin abin da muke rigima a kai irin wannan ne.

Amma ɗana kullum haddar shekaru yake yi, bayan jarrabawa ya manta. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

In haka ake koyar da shi, Hajiya, kina da gaskiya. Ni ma shekarun farkon aikina haka na yi: in cika allo da rubutu, su kwafa, in goge, in sake cikawa. Da na tambayi wasu da na koyar, bayan shekara guda, me ya sa aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, duk sun tuna shekarar, babu wanda ya san dalilin. Abin ya dame ni ƙwarai, don laifin nawa ne. Dalilin kuwa shi ne abin sha'awar: gwamnatin Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, Landan ke cike mata giɓi, Kudu kuma tana da kuɗin kwastan na tashoshin jiragen ruwa.

Shekaru kamar turke suke, a kansu ake ɗaure labari. Yaro yana bukatar 'yan kaɗan da zai riƙe gam, kamar 1804, 1903, 1914, 1960 da 1966, domin ya san me ya riga me. Turke ba dabba kuwa bai amfana wa kowa komai ba. Akwai alamomin gane aji mai kyau a wata amsa da ke ƙasa.

Yarona ɗan ajin kimiyya ne, likita ko injiniya yake son zama. Ina ruwansa da tarihi?

Likita ma da tarihin ciwo yake farawa kafin ya rubuta magani. Amma ga abin da ya fi wannan. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda mutane sun ƙi yarda da ita. Ma'aikacin lafiyar da bai san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, zai ɗauka jahilci ne tsagwaronsa, ya yi wa mutane magana da raini, su ƙara rufe masa ƙofa. Wanda ya sani zai gane cewa tsoron yana da tushe ko da hukuncin da aka gina a kansa kuskure ne, sai ya san ta inda zai ɓullo wa uba a zaurensa.

Haka injiniyan da za a tura gina madatsar ruwa. Ya kamata ya san abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Siminti da ƙarfe ba su ne suka gaza a can ba.

Muna da kakanni, da maroƙa, da makaɗan fada. Ba su isa su ba yaro tarihinsa ba?

Su ne taskar, kuma duk malamin da ya raina su bai san aikinsa ba. Kirarin sarauta, waƙar fada, sunan unguwa, sunan da aka raɗa wa wata yunwa kamar Kakalaba ta 1914, duk hujjoji ne. Abin da makaranta ke ƙarawa shi ne tambaya. Maroƙi aikinsa ya ɗaga ubangidansa, ba zai ambaci yaƙin da aka kore shi ba. Kaka tana faɗin abin da ta ji daga gefen gidansu.

Ga misalin Bayajidda. Kowane yaro ya san shi: baƙo daga gabas, macijiya a rijiyar Kusugu, auren sarauniyar Daura, Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan a Daura, ana zuwa ganinta. Amma labarin da kansa ya nuna baƙon ya tarar da gari, da sarauta, da maƙera a Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Ke nan Hausawa ba daga shi suka faro ba. Masu tonon ƙasa kuma sun sami alamun narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na bakwai. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wannan muhawara tun 1970. Yaro ba ya rasa Bayajidda don ya san haka. Yana fara tambayar me ya sa masarautu bakwai suka ga ya dace su ce kakansu ɗaya, kuma wannan tambaya ta fi ta farko daɗi.

Ko shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya fara sarautar Kano, ba a rubuce take a tsohon kundin tarihin Kano ba. Kundin yana faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi ne, sai aka yi lissafi da baya, kuma Baturen nan Palmer ne ya buga fassararsa da Turanci a 1908. In an yi kuskure a kan sarki ɗaya, duk lissafin ya gusa. Ina son ɗalibaina su san shekarar, su kuma san yadda aka same ta.

A Islamiyya ana koya masa sira da tarihin sahabbai. Wannan bai wadatar ba?

Wannan asasi ne, kuma ba kishiyar darasinmu ba ne. Alƙur'ani ya ce a ƙarshen Suratu Yusuf akwai abin lura a cikin labaransu ga masu hankali. Tambayar “wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne?” kuwa malaman hadisi sun riga kowa ƙwarewa a kanta, shi ne ilimin isnadi da sanin maruwaita. Ibn Khaldun, a ƙarni na 14, ya soki marubutan da ke kwafo adadin runduna mai yawan da hankali ba zai ɗauka ba, ba tare da sun tsaya sun tambayi ko ƙasar za ta iya ciyar da su ba.

Malamanmu na nan ma sun rubuta tarihin ƙasarsu, ba su tsaya ga sira kaɗai ba. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma abin da ya fi burge ni a ciki shi ne ya kawo wasiƙar Shehu al-Kanemi na Borno, wadda ke ƙalubalantar halaccin yaƙin da ake yi da Borno, sannan ya ba da amsarsa. Bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba. Waziri Junaidu na Sakkwato ya shafe rayuwarsa yana tara irin waɗannan takardu. Yaron da ya san Badar da Uhudu amma bai san yaƙe-yaƙen Tabkin Kwatto da Alkalawa na jihadin Shehu Usmanu Danfodiyo ba, akwai saura a karatunsa.

Ai tarihin boko Turawa ne suka rubuta shi don su ɗaukaka kansu. Me ya sa za mu koya wa 'ya'yanmu?

A da akwai gaskiya a wannan. Iyayenmu an koya musu cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali masunta da 'yan kwale-kwale suna kansa tun kaka da kakanni. Har a shekarun 1960 akwai wani babban farfesa a Oxford da ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, sai na Turawan da suka shigo ta. Amma an ba da amsa, kuma a cikin aji da ɗakin karatu aka ba da ita. Kenneth Dike a Ibadan ya assasa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bincikensa a kan Katsina, Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, a Nijar kuma ga Boubou Hama da Djibo Hamani.

Akwai kuma hujjar da ba ta bukatar alƙalamin kowa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale a binne. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Takardun Turawan mulki kuma ba a zubar da su, ana karanta su ne da sanin wanda ya rubuta da abin da yake nema, kamar yadda aka bayyana a amsa ta uku.

Ba kwa ganin koyar da jihadi, da 1966, da yaƙin basasa tone-tone ne? Kada allura ta tono garma.

Wannan ita ce tambayar da na fi ɗauka da nauyi, domin a ajina akwai jikokin waɗanda suka ci yaƙi da jikokin waɗanda aka ci. Amma shirun makaranta bai taɓa binne waɗannan abubuwa ba. Ya dai bar kowane gida da rabin labarinsa. Yaron Arewa ya san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 15 ga Janairun 1966, sau da yawa bai san dubban 'yan ƙabilar Ibo da aka kashe a garuruwan Arewa cikin wannan shekarar ba, bai san yunwar da ta kashe yara a yaƙin 1967 zuwa 1970 ba. Yaron Kudu maso Gabas ya san na biyun, ya jahilci zafin na farkon. Ranar da suka haɗu a intanet kowa yana ganin ɗan'uwansa maƙaryaci ne, alhali kowa gaskiya ya faɗa, rabinta.

Jihadi ma haka. Sarakunan da aka kora ba su ɓace ba. Na Katsina sun kafa Maraɗi, har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Gobirawa suna Tsibiri, Kabawa suna Argungu, na Zazzau suka kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja. Kowannensu yana da nasa labarin na abin da ya faru bayan 1804. Aji ne wurin da ya fi dacewa yaro ya ji duka, a gaban malamin da zai hana zagi ya nemi hujja.

Sharaɗin shi ne a duba shekarun yaro, kuma malami ya kame bakinsa daga ɗora wa ɗalibi laifin kakansa. Na yarda akwai malaman da ba su iya wannan ba, kuma ɓarnarsu ta fi ta shiru. Maganin shi ne a horar da su.

Malam, me ya sa duk labarin maza ne? Mu mata ba mu yi komai ba?

Kun yi, 'yata, littattafan ne suka yi rowa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji mata ta ba su malafa, su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransa a 1899. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a NEPU tana neman wa mata 'yancin zaɓe, kuma sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Ki tambayi kakarki ko ta tuna wannan rana. In wani ya ce miki karatun mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa, kin san sunan da za ki ambata masa.

Akwai inda tarihi ke taɓa aljihu ko gonar mutum a yau?

Ƙwarai kuwa. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi a 2002, bisa dogaro da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. A 2005 ita dai kotun ta ba Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin, kuma takardun zamanin Faransa aka baje a gabanta. A ƙasa-ƙasa ma haka ne. Rikicin burtali da makiyaya ba ya fahimtuwa sai an koma ga dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, a ga inda aka shata da inda aka nome. Da aka ƙirƙiri sababbin masarautu a Kano a 2019, aka kuma rushe dokar a 2024, kowane ɓangare da tarihi ya kafa hujja. Wanda ba ya iya auna irin waɗannan hujjoji sai dai ya bi wanda ya fi ɗaga murya.

A faɗa mana gaskiya: in ya yi digiri a tarihi, wane aiki zai samu?

A raba abu biyu. Koyon tarihi a firamare da sakandare na kowa ne, kamar yadda kowa ke koyon lissafi ba don ya zama akanta ba. Digiri kuwa zaɓi ne, kuma ba zan yi maka alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Ayyukan da ke neman mai digirin tarihi kai tsaye ba su da yawa: koyarwa, gidajen adana kayan tarihi, ma'adanar takardu, bincike a jami'a. Na farkon ne kaɗai ƙofarsa ke da faɗi yanzu, saboda dawo da darasin ya sa ana neman malamai, kodayake kowa ya san albashin malami.

Akwai ayyukan da yake shiga da abin da ya iya, ba da sunan takardarsa ba: aikin jarida, aikin gwamnati, harkar jakadanci, ƙungiyoyin sasanta rikici. Abin da yake sayarwa a can shi ne iya karanta takardu masu yawa da suka saɓa wa juna, ya fitar da bayani ɗaya a rubuce. Jami'o'i da dama sun haɗa sashen da nazarin hulɗar ƙasashe. Shawarata ga mai sha'awa: ya shiga da ido buɗe, ya haɗa da wani harshe, Larabci ko Faransanci, ya iya kwamfuta, ya kuma riƙe wata sana'a. Wanda aka tura shi sashen don bai sami kwas ɗin da yake so ba, kuma ba ya son karatu mai yawa, zai sha wuya.

A babbar sakandare, tarihi zan ɗauka ko darasin gwamnati?

Yawancin ɗalibai gwamnati suke ɗauka don suna ganin ya fi sauƙin ci a WAEC da NECO. In makarantarku tana ba da duka biyun kuma an yarda ka haɗa, ka haɗa, suna taimakon juna. In dole sai ɗaya, fara da duba littafin JAMB ka ga darussan da kwas ɗin da kake so yake nema, sannan ka duba wane ne yake da malami tsayayye a makarantarku.

Mu a Nijar ba a taɓa cire shi ba. Tambayar ta shafe mu?

Ta shafe ku ta wata fuskar. A can ana koyar da tarihi haɗe da labarin ƙasa, bisa tsarin da aka gada daga Faransa, kuma Yamai tana da cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam, IRSH, da ke adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Matsalar da muke tarayya a kanta ita ce iyaka. Layin da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ya raba littattafanmu kamar yadda ya raba ƙasa. Ɗan Katsina ba ya karanta Damagaram da tawayen Kawusan a Agadas, ɗan Maraɗi ba ya karanta tawayen da aka yi wa Turawan Ingila a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906 yadda ya kamata, alhali labari ɗaya ne. Har Sudan ya kai: bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mabiyansa suka ci gaba gabas tare da ɗansa, garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu nasu ne.

Yaya zan gane ana koya wa ɗana tarihi yadda ya kamata?

Kada ka duba yawan rubutun da ke littafinsa. Ka tambaye shi “me ya sa?” a kan duk abin da ya ce an koya musu, sannan ka ce “ta yaya aka sani?” In ya iya cewa wani abu, ko da kaɗan ne, ana aiki. In yana dawowa gida da tambayar da kai ma sai ka yi tunani, malaminsa na kirki ne.

Ga irin darasin da nake nufi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, Waziri Buhari kuma ya dawo ya yi sulhu domin jama'ar da ba za su iya tafiya ba, ya kuma rubuta dalilansa. Nakan raba aji biyu, kowane ɓangare ya kare ɗaya, bayan rabin lokaci in sa su musanya. Yaran da suka fi zafi a farko su ne suke yin shiru a zagaye na biyu, domin sun ɗanɗana nauyin da ke kan mutumin da suka gama zarga. Ba na faɗa musu wanda ya fi gaskiya, kuma sukan bi ni har ofis suna ci gaba da gardamar.

Makarantar ɗana ba ta da malamin tarihi. Me zan iya yi?

Da farko ka tayar da maganar a taron iyaye da malamai, domin darasin yana cikin manhaja, haƙƙin yaro ne. Sau da yawa akwai mai takardar tarihi a cikin malaman, an ba shi wani darasin daban. Na biyu, ka kai shi ya gani da idonsa, gani ya kori ji: Gidan Makama da ganuwa da marinar Ƙofar Mata a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, Kusugu a Daura, Hubbare da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Kuɗin shiga irin waɗannan wurare ba shi da yawa.

Na uku shi ne aikin da nake ba kowane aji, kuma ba ya bukatar malami. A ba yaro waya ya zauna da mafi tsufa a gidan, ya ɗauki muryarsa. Kada ya ce “ba ni tarihi”, tsoho zai ce bai san komai ba. Ya tambayi ƙananan abubuwa: nawa ne kwanon gero shekarar da kika yi aure? Me kuka ci lokacin farin 1973? Wa ke karɓar haraji da jangali, me ake yi wa wanda bai biya ba? Daga ina kakanmu ya zo garin nan, me ya taso shi? Bayan kwana biyu ya je wurin wani tsohon ya yi masa tambayoyin nan dai, ya rubuta inda suka dace da inda suka saɓa, ya zo ku duba tare. A farkon kowace murya ya faɗi sunan mai magana da ranar da aka ɗauka. Kuma a tura wa wani ɗan'uwa kwafi a ranar, domin waya takan faɗa ruwa ko ta ɓata.